Kamu na Bakwai

Talata, 8 ga Agusta, 1989

Wasiƙar ta zo. Shekara huɗu Baba yana rubuta wa gidan Kagemori, tushen kokawarmu, a Kumamoto ta Japan, yau aka amsa. Tsuneyoshi sensei, shugaban gidan, zai zo São Paulo wata sabga, daga nan ya ratso Tomé-Açu ranar Lahadi 24 ga Satumba, ya ga kamun kokawarmu goma sha biyu da idonsa. In ya gamsu, zai rubuta sunanmu a littafin gidan, mu zama reshe. Tun da Jichan, kakana, ya baro can a 1929 da takardar shaidarsa a naɗe, ba wanda ya san muna raye.

Sau uku na karanta wa Baba. Tun shanyewar ɓarin jikin da ta same shi a Fabrairu ban ga fuskarsa haka ba. Ɓangaren da ke motsi ya yi murmushi, ɗayan yana nan yadda yake. Likita ya ce zuciyar ma ta gaji, kada mu yi dogon buri.

Ya ce, "Kai za ka nuna. Kai da Valdir."

Kwana arba'in da bakwai. Shekarata arba'in da biyu, talatin da shida daga ciki a kan tabarmar dojo, ɗakin koyon kokawarmu, amma har yau in ɗalibi ya ce "sensei", wato malam, sai na waiga ina neman kujerar Baba. Ban san ko zan iya ba.

Asabar, 12 ga Agusta

Mun fara. Valdir, daɗaɗɗen ɗalibinmu, ya zo daga gareji da baƙin mai a farce, na sa ya koma ya wanke. Ya ce, "Nori, baƙon nan farcena zai duba ko faɗuwata?"

Sha biyun, sau goma. Na ɗaya zuwa na biyar ba laifi. Na tara ina gaggawa. Na bakwai ne kaɗai ban taɓa jin tsoronsa ba: kana durƙushe, ya taso maka, ka dafa hannun hagu a ƙasa, ka miƙe ƙafar dama ka zagayo da ita, ka kwashe masa diddige. Shi ne kawai kamun da jikina ya fi kaina sani.

Laraba, 16 ga Agusta

Na tashi daga wurin shanyar masoro da wuri don in goge allunan suna na bangon dojo. Ɗari da goma sha huɗu. Sahun sama na malamai, guda uku: malamin Jichan na Kumamoto, Jichan, Baba. Sauran ɗalibai ne, kowa bisa ɗamararsa.

Sai wancan na can ƙasa a kusurwa, wanda fuskarsa ke kallon bango. Wanda aka kora ba a jefar da allonsa, juya shi ake yi, kuma ba a tambaya. Ina ɗan shekara sha huɗu na taɓa kai hannu, Baba ya doke min yatsu da sandar gora. Yau ma bayansa kawai na goge.

Lahadi, 20 ga Agusta

Ana so in rubuta tarihin dojo a shafi biyu, a miƙa wa baƙo. Rubutun Japan na zamani ma da ƙyar nake bi, sakandaren Belém da Fotugis muka yi ta, balle rubutun da. Na ɗauki naɗin Jichan na kai wa Goggo Sachie, ƙanwar Baba. Ta wanke hannu, ta shimfiɗa farin ƙyalle, muka warware. Akwai wani tabo mai ruwan ƙasa a gefe ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ban taɓa lura ba.

Tana karanta sunayen kamun ina rubutawa. Da ta tsaya na ce ta ci gaba. Ta ce, "Ai shi ke nan."

Sha ɗaya. Na ƙirga sau uku, na jera su gefen namu. Na bakwai ne babu.

Goggo ta naɗe takardar ba ta kalle ni ba. "Tambayi ubanka. Shayinka ya huce."

Na tambaye shi. Ya ce, "Na baki ne. Kowane gida na da abin da ba ya sa wa a takarda, daga bakin malami sai kunnen magaji." Na ji wani daɗi. Ashe wanda na fi iyawa shi ne sirrin gidan.

Talata, 22 ga Agusta

Daɗin kwana biyu ya yi.

Muna cin soyayyen kifi da asai, kunun ’ya’yan itace na nan, da garin rogo a bakin garejin, na ba Valdir labarin sirrin. Ya ajiye cokali.

"Nori, ka yi haƙuri fa. Sirrin nan naku, kawuna na yin sa a bakin kasuwar Cametá in ya sha ya yi tatil. Hannu a ƙasa, ƙafa ta zagayo. Kapuwera ce, wasan faɗan baƙaƙen fata na ƙasar nan."

Na ce bai san abin da yake faɗi ba. Na ce ƙafa biyu ke ga kowa, dole wani abu ya yi kama da wani.

"To. Shekara sha tara ina faɗuwa da shi ban ce uffan ba, don ubanka na da sanda. Yanzu sandar na hannun da ba ya ɗagawa." Da ya ga fuskata sai ya ce, "Wannan kam ban kyauta ba. Ci kifinka."

Ban ci ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Da sassafe, kafin ɗalibai su zo, na hau kujera da tef ɗin awo. Ban san me nake nema ba, ni dai in raina ya dagule awo nake yi.

Tsakanin allon malamin Kumamoto da na Jichan akwai tazarar da ta fi sauran. Katakon bangon a wurin ya fi haske, faɗin santimita huɗu da rabi. A samansa ramin ƙusa, an toshe da kakin zuma. Na sauko na auna allon kusurwa. Huɗu da rabi.

Na tsaya wajen minti goma. Sannan na juya shi.

Hannun Jichan ne, na san yadda yake jan alkalamin gashi. Da haruffan da ake rubuta sunan baƙi ya rubuta: Anacleto. Ƙarƙashinsa, sensei.

Ba korarre ba ne ke nan. Malami ne, kuma gaba da Jichan aka rataye shi. Ina yaro ban taɓa ɗaga kai na karanta sahun sama ba. Na mayar da shi yadda na same shi.

Lahadi, 27 ga Agusta

Goggo ta daɗe tana gyaran furannin da ba su buƙatar gyara.

"Ni mace ce, ba a taɓa tambayata abin da ke bangon nan ba, ni ma ban taɓa faɗi ba. Je ka Belém, kasuwar bakin ruwa, wajen masu miyar takaka. Ka nemi Zuleide. Ka ce Sachie ce ta aiko ka. Za ta zage ni tukuna, ka bar ta ta gama."

Asabar, 2 ga Satumba

A motar dawowa nake rubutu, rubutun duk ya karkace.

Dona Zuleide ta haura sittin, gajera, hannuwa kamar na ɗan dako. Kafin in buɗe baki ta ce, "Kai jikan Seu Hama ne. Kunnuwan nan ba sa ɓuya." Haka suke kiran Jichan, daga sunan gidanmu, Hamasaki. Da na ambaci Goggo ta yi zagin, kamar minti biyu, sannan ta share ido da gefen zane ta zuba min miya a ƙoƙo.

Ga abin da ta faɗa, yadda na iya riƙewa.

A 1934 zazzaɓi ya kori su Jichan daga gona, ya dawo Belém yana dakon buhu a tashar jirgin ruwa. Anacleto, mahaifinta, shi ma ɗan dako ne. Suka yi rigima a kan layi. "Kakanka ya sunkuya ya gaishe shi kafin faɗa. Babana ya ɗauka wani abu ya yar, har yana taya shi dubawa." Sau uku Jichan ya kai hannu zai kama riga, sau uku ya tsinci kansa a ƙasa. Anacleto ko riga ba ya sawa.

Washegari Jichan ya zo ƙofar gidansu da kifi a hannu, ya durƙusa, ya ƙi tashi. "Uwata ta ce, Cleto, ko ka koya masa ko ka ɗauke shi, ina son in share ƙofa." Shekara biyu suna yi a bayan rumbun ajiya, a ɓoye, don a lokacin ’yan sanda na kama mai kapuwera. Shi kuma Jichan ya koya masa shaƙa da murɗe hannu.

Sai 1942, da aka nutsar da jiragen ruwan ƙasar nan a yaƙin duniya, mutanen gari suka bi gidajen Japanawa da wuta. Wannan na sani, a gida an faɗa mana. Abin da ba a faɗa mana ba, wanda ya fitar da naɗin. Anacleto ya cusa shi cikin buhun garin rogo, ya ɗora a ka, ya ratsa taron yana cewa a ba ɗan dako hanya. Shekara uku yana ƙarƙashin gadonta, su Jichan suna tsare a Tomé-Açu. Ruwa ya taɓa shigowa ɗakin sau ɗaya. Tabon ke nan.

Bayan yaƙi, duk bikin Nazaré, babban bikin coci na Belém, Jichan na zuwa da buhun masoro. Da Anacleto ya rasu a 1956 Jichan ya zo ya durƙusa a bakin kabari har rana ta yi tsaka. Da Jichan ma ya rasu a 1961, ba wanda ya ƙara zuwa.

"Ubanka ya san hanya, ɗana. Shi ke ɗauko buhun."

Da zan tafi ta riƙe min hannu. "Seu Hama ya taɓa ce mana ya rataye sunan babana a bangonsa, sama da nasa. Muka yi ta dariya, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Yana nan?"

Na ce yana nan.

Gaskiya na faɗa. Me ya sa nake ji kamar na yi ƙarya?

Talata, 5 ga Satumba

Kwana uku ina tsara yadda zan faɗa. Na rubuta a takarda, na gyara sau biyu. Da na zauna gabansa bayan ya sha maganin rana, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, na je wurin Dona Zuleide."

Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama, wanda ba ya motsi.

"Ni na juya shi."

Bayan addu'ar kwana arba'in da tara ta Jichan, manyan baƙi suka zo daga São Paulo, masu dojo, masu suna. Ɗaya ya tsaya gaban bangon ya tambayi wane ne wannan. Baba ya faɗa masa. Mutumin ya juya ga ’yan uwansa ya ce, "Kun ji? A daji wurin ’yan dako ake ɗaukar karatu." Suka yi dariya a gaban hoton Jichan, turaren bai ma gama ci ba. Washegari Baba ya sauke allon.

"Shekarata arba'in da huɗu. Kusan kamarka. Ka ɗauka da sauƙi?"

Na ce amma ya ci gaba da koyar da na bakwai.

"Kamun ba shi da laifi."

"Mutumin fa?"

Bakinsa ya yi nauyi, sai da na matso kafin in ji sauran. "Cire na bakwai. Sha ɗaya za ka nuna, yadda ke a takarda. Norio, a can sun ce mun zama mutanen daji, a nan sun ce mu baƙi ne. Shekara sittin. Ina so in ga sunan gidan nan a littafin kafin in tafi. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Umarni yake bayarwa.

Na ce to.

Asabar, 9 ga Satumba

Cirewa ba ta da sauƙin da na zata. Na shida a wurinmu yana ƙarewa ne da gwiwa a ƙasa, hannun hagu dab da tabarma. Na koma wurin Goggo ta sake karanta min bayanin takarda: a tsaye yake ƙarewa. Jichan ne ya sauya ƙarshen na shida don ya zube cikin na bakwai, ya kuma sauya farkon na takwas. Ba manna shi ya yi a gefe ba, ɗinke shi ya yi a ciki.

Yanzu wuri uku zan gyara. Valdir ya ce, "Ka yanke wa mutum ƙafa, yanzu kana rage masa wando."

Na ce in ba zai yi ba ya faɗa min tun da wuri.

"Zan yi mana. Ubanka ne ya ɗaura min ɗamarar nan, lokacin da wasu ke cewa kada a bar baƙar fata ya taka tabarmar. Na san wannan. Shi ya sa abin ke min ciwo, ba don ban sani ba."

Alhamis, 14 ga Satumba

Ruwa ya sauko da rana tsaka, muka yi ta gudu da tamfol. Buhun masoro shida sun jiƙe.

Sha ɗaya, sau ashirin. Duk ƙarshen na shida diddigen Valdir na ɗagawa da kansa, yana jiran ƙafar da ba ta zuwa.

Talata, 19 ga Satumba

Na gama tarihin. Shafi biyu cif, Goggo ta kwafe da hannunta mai kyau. Kowace shekara daidai take, kowane suna daidai. Daga 1934 zuwa 1936 na rubuta, "ya yi aiki a Belém." Game da naɗin na rubuta, "ya tsira daga gobara."

Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Na duba sau huɗu.

Da ta miƙo min ta ce, "Rubutu ya yi kyau. Kamar kabarin da aka share."

Asabar, 23 ga Satumba

An canja tabarmi uku. An yanke ciyawa. Baba ya sa an fito masa da baƙar rigarsa mai tambarin gida, an shanya.

Wa zai cutu in na yi shiru? Anacleto ya shekara talatin da uku a ƙasa. Dona Zuleide ba za ta taɓa zuwa nan ba. Baba kuwa yana da rai, gobe zai zauna yana kallona. Duk ta inda na auna, shiru ya fi nauyi.

To me ya sa na sake aunawa?

Litinin, 25 ga Satumba

Ban je aiki ba. Zan rubuta a jere kada in ɓata.

Tsuneyoshi sensei ya iso ƙarfe goma. Tsoho ne siriri, ya kai saba'in da shida, yana magana a hankali. Ya ƙona turare gaban hoton Jichan. Ya warware naɗin, ya karanta, ya ce hatimin na gaske ne, hannun kakansa ne. Baba ya rufe ido da ya ji haka. Mutum ya kai tamanin a dojo, wasu a taga.

Muka gaisa, muka fara. Na ɗaya zuwa na biyar, ban taɓa yin su da tsafta haka ba. Har na tara da nake tsoro ban ma tuna da shi ba.

A na shida, inda ya kamata in miƙe tsaye, gwiwata ta sauka.

Ina so in rubuta cewa ƙafata ce ta yi da kanta, sabo ne na shekara talatin da shida. Haka mutane ke ta faɗi tun jiya don su tausaya min. Amma wannan littafin nawa ne. Akwai lokaci, kamar na jan numfashi ɗaya, da zan iya miƙewa ba wanda zai gane. Na ga kusurwar bangon daga inda nake durƙushe, daidai tsayin idona. Na dafa hannun hagu.

Valdir ya faɗi faɗuwar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa. Yana ƙasa ya ce a hankali, "Uwar Nazaré, Nori." Muka ƙarasa sha biyu.

Tsuneyoshi sensei ya ce, "Na bakwai ɗin nan, daga ina?"

Baba ya buɗe baki, na san zai ce na baki ne. A gaban mutumin da duk abin bakin gidan ke hannunsa. Ban bari ya kai ga wannan kunyar ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Na tashi na je kusurwa, na cire allon, na kawo da hannu biyu na ajiye gabansa, fuskar a sama. Na faɗi komai da Japanancina mai gurgunta: tasha, kifi, buhun garin rogo, tabon. Inda kalma ta ƙare min Goggo ta cika daga bayan ɗaki, da ƙarfi, ita da ban taɓa jin muryarta a dojo ba.

Ya ɗauki allon ya karanta. Ya ajiye, ya sa hannu biyu a tabarma ya sunkuyar da kai gare shi, sunkuyon da ake yi wa malami.

Sannan ya ce, "Sha ɗaya aka ba ni amana, sha ɗaya zan miƙa. Ba ni da ikon rubuta gidan da ke da kamu sha biyu da tushe biyu. Ku gafarce ni."

Baba ya ce, "In an cire fa?"

"Hamasaki-san, na riga na gani."

Ba wanda ya ci abincin kirki. Da baƙon zai shiga mota ya kira ni gefe, ya ce in nuna masa inda hannun hagu ke sauka. Ya tsuguna cikin jar ƙasa da wandonsa mai guga, gwiwoyinsa na ƙara, ya gwada sau biyu. Ya ce, "Yatsu waje. Na gane." Ya kakkaɓe hannu. "Ba namu ba ne. Kada ku yar."

Baba bai kalle ni ba da na ɗauke shi zuwa ɗaki. Ya fi sauƙin ɗauka a kan watan jiya.

Alhamis, 28 ga Satumba

Bai yi min magana ba. Goggo ke ba shi abinci. In na shiga sai ya juya fuska bango.

Na hana mai mutuwa abu ɗaya da ya roƙa. Duk yadda na juya maganar, wannan na nan.

Allon na kan kanta ƙarƙashin hoton Jichan. Ban rataye shi a sama ba, ban mayar da shi kusurwa ba.

Talata, 3 ga Oktoba

Da na dawo cin abincin rana Goggo ta ce yana kirana. Ya ce in kai shi dojo. Na zaunar da shi a kujerarsa. Ya daɗe yana kallon kantar.

"Har yaushe za ka bar mutum a kwance?"

Na ce ban san inda yake so in sa shi ba.

"Kai da ka auna bangon nan kaf? Kawo guduma. Kada ka huda sabo, ramin Jichan na nan."

Na ƙwaƙule kakin da tsinke. Ƙusar ta shiga kamar jiya aka zare ta. Na sauko na tsaya gefensa.

Na ce, "Baba, littafin..."

"Littafin ya wuce." Na kau da ido. Bai ce ya yafe ba, ban kuma tambaya ba. Can ya ce, "Ƙafarka ta makara ranar. Kana dafa hannu sannan ka zagayo. Shi Anacleto tare yake yi. Kafin ka ga hannunsa ya sauka, kana kallon rufi."

Na ce ya taɓa gani ke nan.

"Gani? Ni ya fara gwadawa a kai. Ina ɗan sha bakwai." Ɓangaren da ke motsi ya ɗan yi wani abu. "Wari yake kamar kifi. Dariya kamar jirgin ruwa."

Ya ce in mayar da shi ɗaki, ya gaji.

Litinin, 9 ga Oktoba

Jiya bikin Nazaré. Belém ba wurin sa ƙafa. Na ɗauki buhun masoro a kafaɗa tun daga tasha, Valdir na gaba yana cewa a ba ɗan dako hanya.

Dona Zuleide ta kalli buhun, ta kalle ni. "Shekara ashirin da takwas. Masoron nan a ƙafa ya taho?"

Na ba ta hoton bangon da Valdir ya ɗauka. Ta sa tabarau, ta juya shi sama da ƙasa, ta ce wanne ne, duk ƙafar kaza take gani. Na nuna mata. Na biyu daga dama.

Na gaya mata shekarun da ya yi yana kallon bango. Ban shirya faɗi ba. Ta ci gaba da juya miya.

"Na sani, ɗana. Mutum ba ya daina zuwa haka kawai." Ta sa hoton cikin rigarta. "Ka ce wa ubanka Zuleide na gaishe shi. Ka ce har yanzu ina tuna yadda yake faɗuwa."

Na faɗa masa. Ya ce, "Bakinta bai mutu ba."

Asabar, 14 ga Oktoba

Baba ya kwana biyu bai iya tashi zaune ba. Shinkafa cokali uku. Likita zai zo Litinin.

Ɗalibai sha takwas yau, biyu sun daina zuwa tun ranar, iyayensu sun ce aikin gona ne. Na sake rubuta tarihin, ya kai shafi uku, ban ƙirga kurakurai ba tukuna. Na bakwai sau talatin, hannu da ƙafa tare. Sau biyu ya yi daidai. Valdir ya ce bayansa zai kai ƙarata.

Ana tashi wata uwa ta leƙo daga ƙofa tana tambayar ranar da ake karɓar sababbi. Ta ce "sensei", na ce Talata da Asabar, ƙarfe huɗu.

Sai da nake kulle ƙofa na tuna ban waiga ba. Wataƙila gajiya ce.